LAIFIN ƘUSA NE KO NA BANGO?

Yau wata 'yar tambaya na zo mana da ita, wadda in kika ji ta da farko za ki ce ai wannan maganar kafintoci ce, me ya haɗa mu da ita. Tambayar ita ce: idan babban madubin ɗakin amarya ya suɓuto daga bango ya tarwatse, laifin wa? Na ƙusar da aka kafa ne, ko na bangon da ya sake ta, ko kuwa na hannun da ya rataye shi?

Na san amsar da aka saba bayarwa a tsakar gida, domin kuwa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ji ta. Kafin a gama tsince gilasan an riga an yanke hukunci. Wata ta ce baki ne, tun ranar ganin ɗaki wance ta tsaya tana ta yaba shi ko tubarkalla ba ta ce ba. Wata ta ce a'a hannu aka sa, dama uwargida ba ta so auren nan ba. Wata ma cewa za ta yi alama ce, wai auren ba zai yi ƙarko ba, sai ki ga yarinya ta kwana tana kuka, gobe ta tashi ta daina gaida baiwar Allar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Duk cikinsu babu wadda za ta tashi ta je ta leƙa ramin da ƙusar ta fito, alhali kuwa labarin duk yana nan cikin ramin.

Bari mu fara da yadda madubin yake zuwa. A nan Illela da yawa daga cikin masu son fita kunyar 'yarsu Sakkwato suke zuwa a yi musu gado da sif da madubi. Tafiyar ta haura kilomita 80, a biyo ta Kware a biyo ta Gwadabawa, an naɗe madubin da bargo an cusa shi tsakanin katifu, an sa yaro ya rungume shi tun daga can, duk ramin da mota ta faɗa sai gaban uwar amarya ya faɗi tare da ita. An sha wannan wahala ya iso lafiya. To ranar jere kuma fa? Gida ya cika, gwaggwanni na ta kai da kawo, wannan na goge kwalla waccan na ɗaura labule, magariba ta gabato, sai a aiki yaro bakin titi ya sayo ƙusa ta 'yan kuɗi kaɗan, a samo dutsen niƙa ko taɓarya a buga, a rataye abin da ya fi komai tsada da haɗari a ɗakin. Idan ya tsaya a daidai lokacin sai a yi guɗa, an gama.

Ko kin taɓa tunanin nauyinsa kuwa? Gilashi abu ne mai nauyin gaske, sulɓinsa ne yake ruɗin ido. Madubi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 da rabi, in kaurin gilashinsa milimita 5 ne, gilashin kaɗai ya kusa kilo 19. Ki ɗora masa katakon da aka zagaye shi da shi da allon bayansa, sai ya tasam ma kilo 25, wato rabin buhun siminti, ko kuwa cikakkiyar jarkar ruwa mai lita 25 irin ta 'yan garuwa. Don Allah wace mai hankali ce za ta rataye cikakkiyar jarka a ƙusa ɗaya, sannan ta shimfiɗa wa jaririnta tabarma a ƙarƙashi? Amma muna yi da madubi kullum. Jarkar ma ta fi shi sauƙi, don in ta faɗo ruwa ne zai zube. Shi kuwa madubi ba ya marmashewa kamar gilashin gefen mota, tsagewa yake yi dogo dogo kamar wuƙaƙe.

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba, madubinsu ɗan tafin hannu ne, a kalli ido a sa kwalli a mayar da shi cikin kwalla ko a soke shi a jikin azara. Wani matafiyi Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a shekarar 1851, kuma cikin kayan Turai da ya tarar a kasuwa har da madubai da allurai daga garin Nurembag na ƙasarsu. Abin da raƙumi zai ɗauko ya ratsa Sahara da shi, ke ma kin san ba mai tsawon mutum ba ne. A can ƙasar tasu ne kuma a 1835 wani masani ya gano dabarar shafa azurfa siririya a bayan gilashi, abin da daga baya ya sa madubi ya yi araha har ya shiga ɗakin talaka. Tun daga nan madubi yake ta girma. Bangonmu ne bai girma tare da shi ba.

Ki dubi ɗakunan da ake kai amare a garin nan da ƙauyukan kewaye. Akwai ginin ƙasa tsantsa, na tubali da yaɓe, wanda kowa ya gan shi ya san ko mene ne, ƙusa na shiga cikinsa kamar a tuwo, haka kuma take fita. Akwai ginin bulo, mai inci 6 ko mai inci 9, shi kuma cikinsa rami ne, in ƙusa ta huda 'yar fatar gaba sai ta tarar da iska, ga shi wani bulon an yi masa rowar siminti, da farce ma sai ki kankare shi. Amma wanda ya fi cutar mutane shi ne na ukun, ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti aka shafa fenti saboda biki. Ido ya gan shi sumul, fes, kamar gidan gwamna. To siminti da ƙasa ba sa zama lafiya, damina ta jiƙa ƙasar ta kumbura, zafin bazarar nan tamu da kan haura digiri 40 ya busar da ita ta tsuke, a hankali filastar ta rabu da ginin ta zama ɓawo. Ƙusar da aka kafa a nan ɓawon kawai ta kama. Ba a ranar za ta saki ba. Kullum aka bugo ƙofa ta ɗan motsa, kullum tirela ta wuce a titi ta ɗan motsa, sai bayan wata 5 ko 6, wani dare ana barci, ki ji kamar an fasa duniya. Saboda nisan ranar faɗuwa da ranar ratayewa shi ya sa ba mai haɗa su, sai a tafi neman maye.

Alhali gane irin wannan bango bai fi ƙiftawar ido ba. Ƙwanƙwasawa ake yi da bayan yatsa. In ya amsa a toshe, da nama a ciki. In ya amsa kamar ganga, fanko ne.

Na taɓa tsayawa a wani gidan jere, aka kira wani dattijon kafinta ya zo ya kafa madubi. Ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya girgiza kai.

"Hajiya, wanga bango ba shi ɗaukar wanga madubi. Ji shi, fanko na. A bari sai gobe in zo da kayan aiki."

Gwaggon amarya ta ce, "Haba Malam, wace irin gobe? 'Yan kawo amarya na bisa hanya. Kai dai kafa muna shi nan inda kowa ya shigo zai gani, Allah shi tsare."

Ya ce shi kam ba da hannunsa ba. Ya ɗauki hamarsa ya fita, mata suka bi shi da tsaki, wai tsoho ya cika iyayi. Wani saurayi ya kafa musu. Ban bi ba'asin abin da ya faru da madubin ba, kuma ko yana nan daram har yau maganata ba ta canza ba, domin wanda ya tsallaka titi ido rufe ya tsira ba a ce masa ya iya tafiya.

To ni dai a nawa ganin ƙusa ba ta da laifi, iya ƙarfinta ta yi. Bango ma haka, bai kira kowa ya ce zo ki ɗora mini ba. Wanda yake da ido da kunne da yatsan ƙwanƙwasawa shi ne mai ratayewa, don haka tambayar a wuyansa take. Cewa "Allah shi tsare" magana ce mai kyau, amma bayan an yi abin da ya kamata take da kyau, ba a madadinsa ba.

Yanzu ki matso, 'yar'uwa, don ba saboda gilashi kaɗai na ɗauki biro ba. Shi wannan madubi, da gadon, da sif ɗin, da kujerun, kafin a rataye su a bangon gidan miji, an fara rataye su ne a wuyan wani mutum. Al'adarmu ta ce ango ya kawo lefe, iyayen amarya su yi kayan ɗaki su kai gara. Wannan mutumin shi ne Baba, in ba ya raye Inna ce, ko wani Yaya da bai gama tsayawa da ƙafarsa ba. Shin muna ƙwanƙwasa su kuwa kafin mu rataya?

Mutanen Illela sun san abin da nake nufi fiye da kowa, domin cin abincin garin nan a bakin iyaka yake. Mai dako, mai kabu-kabu, ɗan canjin naira da sefa, dillalin shanu da raƙuma a kasuwar Lahadi, mai kai kaya Ƙonni ranar Laraba, mai tuwo a tasha, duk ƙofa ɗaya suke kallo. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin komai ya tashi. Watanni biyu tsakani, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka hamɓarar da Shugaba Bazoum a Nijar, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024. A tsawon waɗannan shekaru magidanta nawa ne suka cinye jarinsu a tukunya? Amma ranar Juma'a za ki gan shi da babbar rigarsa ta sha guga, hula a karye, yana murmushi yana gaisawa da jama'a. Filasta ce da fenti. Namiji mai kunya ba zai tara iyalinsa ya ce na karye ba.

Sai ga shi an sa ranar 'yarsa. Yarinya ta raɓa jikin uwa ta ce, "Inna, ni dai irin madubin ƙawata nika so, mai tsawon nan." Inna ta kai magana turaka ta ƙara da nata, kada a yi mana dariya, wance ma da ba ta kai mu ba ga abin da ta yi wa tata. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah shi hore." Mu kuma sai mu ɗauki wannan a matsayin ya amsa. Daga nan gonar gado ta tafi jingina, ragon da aka turke don layya ya tafi kasuwa, an karɓi kayan kafinta rabi kuɗi rabi bashi. Inna ta shiga adashi uku a lokaci ɗaya, ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya ba wanda ya sani. Biki ya yi kyau, an yi guɗa. Bayan wata 6 kafinta na sallama a ƙofar gida safe da yamma, hatsi ya ƙare tun kafin damina ta faɗi, ƙannen amarya an koro su daga makaranta, Baba ya daina zama majalisa, yana ta ramewa ana cewa ai hawan jini ne ya kama shi haka kawai. Shi ma an manta ranar da aka rataya masa, don ta yi nisa.

Wata za ta ce, to ai shi ya ce zai yi, wa ya sa masa wuƙa a wuya? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne mutum ya bambanta da bango, shi yana da baki. Uban da ya san ba shi da shi ya kasa faɗa, ya zaɓi a yabe shi kwana ɗaya iyalinsa su wahala shekara, shi ma yana da nasa kason. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mun san irin tarbiyyar da ta gina iyayenmu. Kunya da kara sun ɗaure musu harshe, musamman a kan 'ya mace mai barin gida. "To" ɗin wanda yake iya cewa "a'a" daban, "to" ɗin wanda ba zai iya ba daban, kuma mu mata mun fi kowa iya bambance su, tunda da sautin sallamar maigida kaɗai mukan gane yadda kasuwa ta kasance. Idan kin san mutum ba zai iya hana ki ba, to aikin aunawa ya dawo kanki ke mai roƙo. Wadda ta ji amon ganga ta ce kafa kawai, ba za ta zo daga baya ta ce ai bangon bai yi magana ba.

Kada kuma a ce na ce a kai yarinya ɗaki da tabarma da buta. Ban faɗa ba. Kayan ɗaki dukiyar mace ce ta kanta, ba ta miji ba, in zama ya ƙi da su take fita, in rana ta ɓaci su take sayarwa ta rufa wa kanta asiri. Iyayenmu da suke tara kwalla da tasa da kumbo ba wauta suke yi ba, bankinsu ke nan. Gori kuma gaskiya ne, akwai gidan da in amarya ta zo da kaya kaɗan har ta tsufa dangin miji da kishiya ba za su bari ta manta ba, uwar da take tsoron wannan ga 'yarta ba za a ce mata mai son a sani ba. Sai dai ina so ki lura, cikin duk kayan nan babban madubi ne ya fi raunin zama jari. Kwalla ko ta ƙwarzane tana da mai saye, gado ko ya tsufa a yi masa fenti. Madubi in ya tsage sau ɗaya ko kyauta ba mai karɓa, har cewa ake yi a fitar da shi daga ɗaki. Shi don ido aka saye shi, kuma yawanci ba idon amaryar ba.

Idon wa to? Namu. Mu 'yan ganin ɗaki, da muke shiga muna ɗaga labule muna buɗe sif muna ƙirga zannuwan gado, mu fito mu kai rahoto gida gida. Kowace a cikinmu in nata ya zo kuka take da tsadar kayan ɗaki, in na wata ya zo ita ce alƙali. Wallahi da za mu shiga ɗakin amarya mu yi mata addu'a mu fito bakinmu alaikum, da rabin bashin da ake ci a garin nan ba a ci shi ba.

Ƙwanƙwasa mutum kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, sai dai ba a gaban jama'a ake yi ba, ba kuma bayan an riga an je wurin kafinta an zaɓo ba. Uwa ta samu maigida shi kaɗai tun kafin a sa rana ta ce, Malam, nawa za ka iya ba tare da ka taɓa gona ba? Abin da ya faɗa a yanka kaya daidai shi. Yarinya kuma ta buɗe wa iyayenta ƙofar da kunya ta rufe musu, ta ce, "Baba, ƙaramin ma ya ishe ni, in Allah ya buɗa daga baya a ƙara." Kalma ce 'yar ƙarama, amma na ga dattijon da ya juya fuska yana share ido da hannun riga da ya ji ta. In dangi za su taimaka a raba musu tun da wuri, kawu ya ɗauki wannan gwaggo ta ɗauki wancan, kowa ya san nasa, maimakon a tattara a kan mutum ɗaya a bar sauran da zuwa cin shinkafa.

Wadda kuma Allah ya hore wa iyayenta aka yi mata babban, Allah ya sanya alheri, sai a kafa shi yadda ya kamata. A ginin bulo a kira mai injin huda bango ya huda wuri 2, ba 1 ba, inda bulon yake da nama, ya cusa 'yar robar nan da ake sawa a ramin sannan ya ɗaura dogon sukuru, ki tsaya a kansa ki ja da hannunki ki ji. A duba bayan madubin ma, sau da yawa bango na riƙe lafiya, 'yar wayar ko ƙugiyar da kafinta ya maƙala a allon baya ce take tsinkewa. A bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, don danshin damina yana cin shafen bayansa, shi ne baƙin tabon nan da kike gani yana farawa daga gefe. A ginin ƙasa kuwa, da filasta ko babu, kada ma a fara ratayewa. A zaunar da gindinsa a kan durowa ko a kan ɗan dakali ƙasa ta ɗauki nauyin, sannan a ɗaure samansa don kada ya kife. In za a binne turken ɗaurewar a bango a nemi guntun azarar giginya, sauran katako gara na cinye shi ta ciki ya bar miki siffa. Kuma ko wane irin gini ne, ban da saman gado, ban da inda ake shimfiɗa wa yara, ban da bayan ƙofa.

Bayan damina ta farko ki sake dubawa. In kina shara da safe kika ga ɗan garin ƙasa ko na siminti ya zubo a gindin bangon daidai ƙarƙashin madubin, kada ki share ki wuce. Ki fitar da yara waje, ki kira mutum biyu su kama miki ku sauke shi a ranar.